Yadda Za Ka Zaɓa Tsakanin Hutu a Birnin Bakin Teku da Tafiya Magangarar Ruwa

Wanda ya samu 'yan kwanakin hutu, kuma yana da ɗan abin da ya tanada domin yawon buɗe ido a cikin Najeriya, yakan tsaya tsakanin abu biyu: ko ya sauka Legas ya ga teku da idonsa, ko ya nufi ɗaya daga cikin magangarun ruwa irin su Gurara a jihar Neja da Farin Ruwa a jihar Nasarawa. Duka biyun ruwa ake zuwa kallo, amma lokacin da ya dace da su, da kuɗin da suke ci, da ƙarfin jikin da suke bukata duk sun sha bamban. A ganina, watan da hutun ya faɗo shi ya kamata ya fara yanke hukunci, sannan sauran abubuwa su biyo baya.

Mataki na farko shi ne ka duba kalanda kafin ka duba aljihu. Magangarar ruwa da ruwan sama take rayuwa. Gurara, wadda tsayinta ya kai kimanin mita 30, takan cika ta batse idan damina ta yi nisa, har ƙarar zubar ruwan ta riƙa isowa kunne tun kafin a hango shi. Daga watan Janairu zuwa Maris kuwa ruwan yakan ja baya sosai, duwatsun da ya rufe su fito fili, wanda ya yi doguwar tafiya domin ganin ambaliyar farin kumfa sai ya tarar da 'yan zirara suna gangarowa. Tsakiyar damina ita ma tana da nata cikas, domin hanyoyin ƙauye sukan caɓe, duwatsu su yi santsi, kogi kuma yana iya ƙaruwa farat ɗaya saboda ruwan da aka yi a can sama ko da a inda kake tsaye rana ake ƙwallawa. Saboda haka lokacin da na fi so shi ne ƙarshen damina zuwa farkon kaka, wato daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da kogi ke cike amma sama ta fara ɗaukewa.

Legas kuma kusan akasin haka take. Ruwan sama yakan yi ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, musamman a watan Yuni, har unguwanni irin su Lekki su riƙa fama da ambaliya a kan tituna, zaman bakin teku ya zama ba daɗi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne garin ke daɗin zagayawa. Sai dai a watan Disamba 'yan ƙasa mazauna ƙetare suna dawowa hutu, bukukuwa suna yawa, kuɗin otal da na jirgin sama suna tashi, gosulo kuma ya ƙaru a kan wanda aka saba. Mai son sauƙi gara ya jira tsakiyar Janairu. Ke nan idan hutunka ya faɗo a Oktoba, magangara ta fi cancanta, idan kuma a Fabrairu ne, ka nufi teku.

Mataki na biyu, ka dubi waɗanda za ku tafi tare, kuma a nan kada ka yi wa kanka ƙarya. Farin Ruwa, wadda take ƙaramar hukumar Wamba, tana zubowa ne daga tsayin kimanin mita 150, abin kallo ne da ba a mantawa, amma hanyar zuwa ba ta da kyau, kuma akwai tafiyar ƙasa bayan inda mota take tsayawa. Olumirin da ke Erin Ijesha a jihar Osun hawa bakwai gare ta, kuma kowane hawa ya fi na baya wuya. Irin waɗannan wurare na masu ƙarfin gwiwa ne. Idan akwai tsoho a cikin tawagar, ko mai juna biyu, ko yaron da sai an goya shi, bai kamata a jefa su cikin wannan wahala ba. Gurara da Assop, wadda ke kusa da Hawan Kibo a hanyar Jos, sun fi sauƙin isa, domin ba su da nisa da babban titi. Birni kuwa yana ɗaukar kowa: mai ƙarfi ya hau gadar sama mai tsawon mita 401 a gandun Lekki, wanda ya gaji ya zauna a inuwa, sannan asibiti da kantin magani ba su yi nisa ba.

Mataki na uku, ka ƙirga kwanakin da kake da su. Daga Abuja ana iya zuwa Gurara ta hanyar Suleja zuwa Minna a dawo a yini guda, haka ma mazaunin Kafanchan da magangarar Matsirga. Legas ba ta yiwuwa a haka. Badagry kaɗai, inda benen da ake kira na farko a Najeriya, wanda aka gina a 1845, yake, da tsibirin Gberefu inda a da ake bi da bayi zuwa jiragen ruwa, yini guda cur take ci idan aka haɗa da zuwa da dawowa. Wanda bai da aƙalla kwana huɗu zai ƙare hutunsa ne a cikin mota.

Mataki na huɗu shi ne lissafin kuɗi, kuma tafiyoyin biyu ba iri ɗaya suke cin kuɗi ba. A tafiyar magangara yawancin kuɗin a sufuri yake tafiya, musamman idan sai an ɗauki shatar mota ko an hau acaɓa daga bakin titi, sai kuɗin shiga da ɗan abin da za a ba wa ɗan jagora, abinci kuma guzuri ake yi daga gida. Idan kun kai mutum biyar ko shida kuka raba kuɗin mota, abin yakan zo da sauƙi. A Legas kuɗin kullum yake zurarewa kaɗan-kaɗan: masauki, tasi, abinci, kwale-kwale zuwa bakin tekun Tarkwa Bay, ga kuma kuɗin shiga, tun da yawancin wuraren shaƙatawa na bakin teku a hannun 'yan kasuwa suke. Wanda ke da dangi a Agege ko Idi Araba ko Obalende, inda Hausawa suka daɗe da zama, ya rage babban kaso na wannan nauyi, kuma ba zai sha wuyar samun masallaci da abincin da ya saba da shi ba.

Mataki na biyar, wanda nake roƙon kada a tsallake shi, shi ne batun tsaro da lafiyar rai. Wasu hanyoyin karkara a jihohin Neja, Kaduna da Filato sun yi fama da matsalar tsaro a 'yan shekarun nan, don haka ka tambayi direbobin tasha da mutanen yankin halin da ake ciki a makon da za ka tafi, ka kuma tsara tafiyar yadda magariba ba za ta riske ka a daji ba. Idan hadari ya haɗo, a bar gindin magangara nan take. A watan Maris na 2017 guguwa ta kayar da wata babbar bishiya a magangarar Kintampo da ke Ghana, mutane da dama suka rasa rayukansu, akasarinsu ɗalibai da suka je yawon buɗe ido. Tekun Legas ma ba wurin koyon iyo ba ne, domin igiyarsa tana jan mutum ciki da ƙarfi, kuma wanda ya saba da kogi ko kududdufi a gida yakan raina ta. Kada a shiga kwale-kwale sai da rigar kariya, kada kuma a sakar wa yara hannu a bakin ruwa.

Idan bayan duk wannan zuciyarka ta ƙi rabuwa da ɗaya, akwai wuraren da suka haɗa biyun. Daga Kalaba, inda ake bikin Carnival na kaɗe-kaɗe da raye-raye a kan tituna a watan Disamba, wanda aka fara a 2004, ana iya fita zuwa magangarar Kwa a dawo gari a kwana. Mai fasfo da ƙarin kwanaki kuma yana iya tsallakawa Kribi a kudancin Kamaru, inda kogin Lobe yake zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin tekun Atlantika, 'yan kilomitoci kaɗan kudu da garin, sai dai ya fara tabbatar da takardun shiga ƙasar tun kafin ya biya kuɗin masauki.