Darasi na Tara: Gyara da Ajiyar Tsofaffin Kayan Hawan Sallah

Kayan adon doki ba kayan kullum ba ne. A yawancin gidaje sau biyu ake fito da su a shekara, ƙaramar sallah da babbar sallah, sai garuruwa irin su Daura da ke ƙarawa da hawan Sallar Gani. A Kano akwai Hawan Daushe da Hawan Nassarawa, a Zariya da Katsina akwai Hawan Bariki, Damagaram ma tana da nata. A watan Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su. To amma jalala, wato mayafin sirdi mai aikin ado, wadda ta ƙawatar da 'yan kallo kwana huɗu ko biyar ta yi a fili. Sauran shekarar a cikin akwati take, kuma a can ne take lalacewa.

Wannan darasi na mai riƙe da tsohon kaya ne, wanda ya gada daga uba ko kaka: sirdi, likkafa, linzami, kamazuru (igiyar riƙe linzami), jalala, lifidi (rigar kariyar doki mai cushen auduga), kwalkwali, alkyabba, layun wuyan doki. Sabon kaya yana jure wanki da gurza. Tsoho ba ya jurewa.

Mu fara da lissafin kwanaki

Daga 1 ga Shawwal zuwa 10 ga Zulhajji kusan kwana 70 ne. Daga babbar sallah zuwa ƙaramar sallah mai zuwa kuwa ya haura wata tara. Wannan ita ce doguwar ajiya. Sallah tana matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, kuma a 2025 babbar sallah ta faɗo ranar 6 ga Yuni. Ma'ana a 'yan shekarun nan kaya suna shiga akwati ne daidai faɗuwar damina, watan Agusta ya same su a rufe. Laima idan ta yi yawa a ɗaki, fumfuna takan fito a kan fata cikin 'yan kwanaki. Daga baya hunturu ya zo ya busar da fatar har ta tsattsage. Kayan da aka tura akwati da gumin doki a jikinsu ba su fitowa lafiya daga waɗannan biyun.

Ranar da aka sauka

Gumin doki akwai gishiri a cikinsa. Gishiri yana cin ƙarfe, yana sa fata ta yi tauri, yana kuma jawo laima daga iska. Saboda haka kada ka naɗe komai a daren da aka gama hawa, ko da gajiya ta yi yawa. Rarraba kayan, ka shanya su a inuwa inda iska ke ratsawa, kwana biyu ko uku. A inuwa aka ce, domin rana tana kashe launi, tana ƙona fata. Lifidi ya fi kowanne daɗewa bai bushe ba, domin cikinsa auduga ce. Matsa shi da hannu ka ji. In da sauran sanyi a ciki, bai isa ajiya ba.

Bayan ya bushe sai kakkaɓa. Sami buroshi mai laushi, ko sabon buroshin goge haƙori, ka bi ɗinki a hankali. Kada ka bugi jalala da sanda kamar tabarma.

Ƙarfe, tagulla da azurfa

A nan aka fi yin ɓarna, kuma da kyakkyawar niyya ake yin ta. Mutum yana son likkafar kakansa ta yi ƙyalli kamar sabuwa, sai ya sa yaro ya gurje ta da toka da yashi. Ƙyallin yakan fito, amma zanen da maƙeri ya yi da hannu yana shafewa kaɗan-kaɗan kowace shekara, har ya ɓace. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Duhun da ke kwance cikin zanen tsohuwar tagulla ba datti ba ne. Shi ne ke fito da zanen, kuma masu sanin kayan tarihi sun fi daraja tagulla da shi.

Kafin ka taɓa, ka san abin da ke hannunka. Kawo maganaɗisu kusa da shi. Tagulla da azurfa ba su kama maganaɗisu. Idan ya manne, to baƙin ƙarfe ne aka yi wa ruwan tagulla ko ruwan azurfa a sama, kuma wannan ruwan bai kai kaurin takarda ba. Irin wannan ba a gurza shi ko kaɗan. Ƙyalle mai laushi ya wadatar.

Idan tagulla ce zalla, kamar aikin maƙeran Bida, kuma dattin ya yi yawa, wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu kaɗan. In hakan bai isa ba, ruwan lemon tsami ko jiƙaƙƙiyar tsamiya yana ɗauke dusashewa. Sai dai tsami ba ya daina aiki don ka gama naka, don haka ɗauraye da ruwa mai yawa, ka goge ta bushe sarai. Kuma kada ruwan tsamin ya taɓa fata ko zare. In ba za a iya cire ƙarfen daga jikin fatar ba, bar tsamin, yi amfani da busasshen ƙyalle.

Duba inda tagulla ta haɗu da fata, wajen zobba da maɓallai. Za ka ga wani kore-kore mai danƙo. Man da ke jikin fata ne ke cin tagullar. Cire shi da tsinken sakace, ka wanke hannu bayan ka gama, domin guba ne ga ciki.

Azurfa tana baƙi idan ta zauna kusa da roba ko ulu. Kada ka ɗaure ta da robar ɗaurin kuɗi. Linzamin baƙin ƙarfe da sulke kuma tsatsa ce abokiyar gabarsu: ɗiga man keken ɗinki a ƙyalle, ka shafa sama-sama.

Fata

Goge da ƙyalle mai ɗan laima, wanda aka matse sosai. Jar fatar da majema suka rina da karan dafi tana zuba idan ta jiƙe, kuma jan ba ya fita daga farin zare. Mai kuwa, ko man kaɗanya ne, kaɗan ake sawa, a inda fata ta yi tauri kawai. Fatar da aka cika wa mai tana kiran ɓera da kyankyaso, tana riƙe ƙura. Ɗinkin da ya warware a kai wa baduku yanzu, kada a bari sai jajibere lokacin da aiki ya yi masa yawa. A roƙe shi ya bi tsohon ramin allura, kada ya huda sabo.

Alkyabba, jalala da gashin jimina

Tsohuwar alkyabba mai aikin zaren azurfa ko alharini ba a tsoma ta a ruwa. Rawanin da aka rina da baba yana shafa shuɗi a kan duk abin da ya taɓa, sai a naɗe shi daban. Jalala gara a naɗe ta kamar tabarma, aikin yana waje, da a ninke ta, domin zare a kan layin ninki yake karyewa. Gashin jimina a hura masa iska kawai, a ba shi kwalinsa shi kaɗai.

Asu yana son ulu, alharini da gashi, kuma ya fi son wurin da gumi ya taɓa. Tsutsarsa ce ke ci. Mutane da yawa suna zuba ƙwallayen kafur a akwati. Yana korar ƙwari, amma a yi hattara ƙwarai: yara sukan ɗauka alewa ce, kuma warinsa a jikin tufafi yana iya jawo wa jariri shawara mai tsanani. Gidan da ke da jarirai gara a bar shi. Busasshen ganyen darbejiya a cikin ɗan ƙunshin ƙyalle yana taimakawa, ko da yake bai kai dubawa akai-akai ba.

Akwati

Akwatin ƙarfe ya fi na katako saboda gara da ɓera. Shimfiɗa farin akoko wankakke a ciki. Masu nauyi a ƙasa, tufafi a sama, ƙarfe a naɗe shi cikin ƙyallensa kada ya taɓa tufa. Kada ka yi amfani da leda, tana tara gumi. Jarida ma tawadarta tana kama kaya. Ɗora akwatin a kan bulo ko benci, ka janye shi daga jikin bango kamar taki ɗaya. Sirdi ba ya shiga akwati. A ɗora shi a kan gungumen itace mai tsabta, a rufe da zane.

Buɗe akwatin sau ɗaya a wata cikin damina, a ranar da gari ya yi haske. Sansana. Warin fumfuna yana riga ganinta zuwa.

Aikin rubutu

Sami littafi ƙarami. A kowane shafi rubuta sunan kaya ɗaya, sunan wanda aka gada daga gare shi, garin da aka yi shi in an sani, da ranar da ka duba shi. Tambayi dattawan gida tun suna nan. Ga misali: "Likkafa biyu, tagulla. Na kakanmu. An duba 15 ga Agusta. Zobe ɗaya ya yi kore." Kawo shafi uku aji mako mai zuwa, za mu karanta tare.