Yadda Ake Gasa Kifin Salmon da Lemo da Ganyayen Ƙamshi Domin Baƙi

A ƙasashen Turai da Amurka, kifin salmon na cikin abincin da ake tarbar baƙi da shi lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara, domin yana da maiƙo kuma ba ya daɗewa a wuta.

Da farko a samu ɓari guda na kifin mai nauyin kilo 1, da fatarsa. A shafa yatsa a tsakiyar tsokar, domin akwai siraran ƙayoyi da ke ɓuya a jere, a zare su ɗaya bayan ɗaya, sannan a tsane jikinsa da tsumma mai tsabta.

A kunna obin, wato tandar gashi, ya kai digiri 200 a ma'aunin Selsiyos. Kafin ya yi zafi, a yanka lemon zaƙi da lemon tsami fale-fale, a shimfiɗa su a faranti, a ɗora kifin a kai, fatar tana ƙasa. A haɗa man zaitun cokali 3 da daƙaƙƙiyar tafarnuwa da gishiri da masoro, a shafe shi da su.

A gasa tsawon minti 15 zuwa 20, gwargwadon kaurinsa. A nan ne ake yawan kuskure, domin idan ya zarce sai ya bushe. Alamar nunarsa ita ce tsokar ta riƙa rabewa sala-sala idan an danna ta da cokali mai yatsu.

A sauke, a bar shi ya huta minti 5, sannan a barbaɗa yankakken faski (ganyen ƙamshi da ake kira parsley) da na'a-na'a da 'ya'yan rumman. Kada a sa ganyen tun farko, zafi yana kashe ƙamshinsa.