Yadda ake haɗa wasan cike gurbi da kalmomin Hausa

Yaranmu a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi suna jin Hausa sarai, amma ka ce su rubuta, sai hannu ya tsaya. Shi ya sa nake haɗa musu wasan nan na gidaje da ake gani a jaridu, wanda kalmomi ke gitta juna, wasu a kwance wasu a tsaye. Wani ɗan jarida mutumin Ingila, Arthur Wynne, shi ya fara buga irinsa a jaridar New York World a Amurka, ranar 21 ga Disamba 1913. Mu kuwa tuni muna da kacici-kacici, wanda ya dace da wasan kamar don shi aka yi.

Da amsoshi za ka fara, tambayoyi sai daga baya. Samo littafin lissafi mai gida-gida da fensir, ka zaɓi kalmomi goma da yaro ya sani. Rubuta HANYA a kwance. Daga H ɗinta ka sauko da HAYAKI a tsaye. Hayaki ya ƙare da I, to sai ka shimfiɗa TSINTSIYA a kwance yadda harafinta na uku zai hau kan wannan I. Za ka lura yawancin kalmominmu da wasali suke ƙarewa, da baƙi suke farawa, don haka da wuya wata ta tashi daga wutsiyar wata. A tsakiya ake haɗa su.

Kafin ka yi nisa, yanke shawara kan "ts" da "sh". In gida biyu za su ci, tsintsiya gida 9 ce. In ɗaya ne, 7. Ni biyu nake ba su, ina kuma rubuta haka a saman takarda.

Haruffa masu ƙugiya su ne inda nake dagewa. A zangonmu da yawa ba ma bambanta k da ƙ a furuci, sai baki da baƙi su fito iri ɗaya. A cikin gida kuwa dole yaro ya zaɓa: na cin abinci ne, ko waɗanda suka zo daga Tamale? Kada ka yarda K ta gitta Ƙ don neman sauƙi. Nan ne karatun yake.

Yanzu sai tambayoyi. Sa wa gidan farko na kowace kalma lamba, ka baƙanta gidajen da babu komai, sannan ka kwafe zanen a sabuwar takarda ba tare da haruffan ba. Ga hanya ka rubuta "Rawanin baba ya faskara naɗuwa (5)". Ga hayaki, "Baba na ɗaka, gemu na waje (6)". Ga tsintsiya, "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya (9)". Lambar ƙarshe yawan haruffa ce. Cusa masu sauƙi don kada yaro ya karaya: "Babbar kasuwar Kumasi (7)", kowa ya san KEJETIA.

Tambayar da na fi so ita ce mai harshen damo, tunda rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali: "Ana zama a cikinsa, ana kuma jiƙa shi da suga (4)". GARI ke nan.

Kafin ka raba wa yara, ba wani babba ya gwada. In ya kawo wata amsa da ta shiga gidajen daidai, tambayar ce ke da saura, sai ka sake ta.