Kama gida a Mambila ka dafa abinka da kanka

Idan hawan dutse ne zai kai ka tudun Mambila da ke jihar Taraba, shawarata ka bar batun ɗakin otal, ka nemi gida mai kicin a Gembu ko Nguroje. Mai hawan dutse da an sallame sallar asuba yake fita, sai magariba ya dawo, ƙafa duk taɓo, ciki na ƙugi. Lokacin da kake son karin kumallo masu abinci ba su hura wuta ba, lokacin da ka dawo kuwa sun kife tukwane. Ni da ƙanena da abokanmu biyu mun yi kwana biyar a wani gida mai ɗaki biyu a gefen Gembu cikin watan Disamba, kuma kicin ɗin nan shi ya riƙe tafiyar.

Kafin ka ba da kafin alƙalami, kira mai gidan ka tambaye shi daga ina ruwa yake zuwa, da me ake girki, barguna nawa ne. Hoton tsaunuka ta taga kowane gida yana da shi, kada ya ruɗe ka. Tudun nan ya kai kimanin mita 1,600 sama da teku, sanyin asubarsa har cikin ƙashi yake shiga. Gidan da ba shi da babbar tukunyar dafa ruwan wanka da alwala, ko rumfar shanya jiƙaƙƙun kaya, ni ba na kama shi ko da araha ne. Wutar lantarki kuma kada ka dogara da ita, ka taho da fitila mai caji da batirin cajin waya, da tsabar kuɗi a aljihu.

Cefane kashi biyu ne. Shinkafa, wake, man gyaɗa, yaji, kuka, daddawa da cikakkiyar tukunyar gas, duk ka sayo su tun daga Jalingo. Sauran ka bari sai ka hau. Mambila ƙasar shanu ce, nama da nono da man shanu suna nan a wadace, ga fiya da ayaba da gwaza. Ganyen shayi ma a Kakara ake nomansa, kusa da kai.

Girkin ne yake da abin lura. A wannan tsayin iska ba ta da nauyi kamar ta ƙasa, saboda haka ruwa yakan tafasa a wajen digiri 95 maimakon 100. Za ka ga tukunya tana ta ɓararraka amma zafinta bai kai ba. Daren farko mun ɗora wake bayan magariba, har aka yi isha'i yana nan tsatstsaye. Dattijon da ke gadin gidan ya leƙo, ya ɗebo ƙwaya biyu ya murza tsakanin yatsunsa, ya ce, "Ɗana, nan sama wake ba ya son gaggawa. Jiƙa shi tun safe." Na ce, "To Baba, yau fa?" Ya miƙo ɗan ƙullin kanwa daga aljihun rigarsa. Daga ranar, kafin mu fita sai mun jiƙa wake, mun tsoma nama a yaji, mun cika filas biyu da shayi. Shinkafa ma ka ƙara mata ruwa kaɗan, ka rufe ta ruf.

Hanya daga Jalingo ta Bali take bi zuwa Serti, a Mayo Selbe ake fara hawa. Ka ware mata yini guda, ka cika tanki tun a ƙasa, ka tabbatar hawan ya same ka da rana, domin kwanoni ne masu kaifi, hazo kuma yakan rufe gaba ba sallama. Da damina wasu hanyoyin ƙauye sai babur.

Don yawon yini ɗaya, kurmin Ngel Nyaki da ke kusa da ƙauyen Yelwa ya ishe ka, ka je ka dawo ka ci tuwo a gida. Chappal Waddi daban ne. Shi ne dutse mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419, yana cikin gandun dajin Gashaka Gumti a kan iyakar Kamaru. Sai ka karɓi izini a ofishin gandun da ke Serti, ka tafi da ɗan jagora, ka shirya kwana a hanya. A nan gidan yake zama ma'ajiyar kayanka masu nauyi, amma ka sanar da mai gida ranar da zai sa ran dawowarku, ka kuma tambayi mutanen gari halin tsaro a makon da za ku fita.

Duk ƙauyen da kuka shiga, ku fara da gaida jauro, wato mai garin. Fillanci ne yaren kasuwa a nan, kalmar useko, wato na gode, tana buɗe fuska. Filayen kiwo da yawa an kewaye su da waya, kada ka tsallaka shingen kowa sai da izini, in an buɗe maka ƙofa ka mayar da ita yadda ka same ta.

Ranar tafiya ka wanke tukwane tun dare, ku ƙirga kwanuka da barguna tare da maigadi, ka bar masa ragowar cefane da ɗan na goro. Ku tashi da sassafe, kuma a gangaren Mayo Selbe direba ya sa ƙaramin giya, kada ya dinga danna birki har ya yi zafi.