Idan Mai Keke Ya Bugu a Ka: Kurakuran da Aka Fi Yi

A Zariya, a hanyar Samaru zuwa Kwangila ko cikin cunkoson Tudun Wada, mai keke zai faɗi, kansa ya daki kwalta, ya miƙe ya kaɗe riga, a yi masa sannu, ya hau ya tafi. Babban kuskuren ke nan, domin jinin da ake tsoro ba na goshi ba ne, na ciki ne. Akwai jijiyar jini a ƙarƙashin ƙashin gefen kai, tsakanin ido da kunne. Idan ta tsage, jini kan taru a hankali yana danne ƙwaƙwalwa. Mutum zai yi magana garau, har ya ci tuwo, bayan 'yan sa'o'i ya fita hayyacinsa.

Saboda haka duk wanda ya suma, ko na ɗan lokaci ne, ko ya kasa tuna yadda ya faɗi, a kai shi asibiti nan take. Haka wanda ke ta amai, ko ciwon kansa ke ƙaruwa, ko maganarsa ta sarƙe, ko hannu ko ƙafa suka rasa ƙarfi, ko ya yi jijjiga, ko jini ko ruwa ke fita ta kunne ko hanci. Kada a jira gari ya waye.

Mutane da yawa kemis suke nufa. Mai kemis zai wanke rauni ya ɗaure, amma ba ya ganin cikin kai. Abin da ya fi damuna shi ne maganin da ake bayarwa: asfirin da ibuprofen da diclofenac na iya ƙara zubar jini. Idan ciwon kai ne, farasitamol ya isa. Hoton ƙashi ma ba ya nuna jini a ƙwaƙwalwa, sai hoton CT, wato na na'urar da ke nuna cikin kai, kuma idan abin ya kai ga tiyata, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ne wurin zuwa.

Wanda ya suma kuwa, jama'a kan sheƙa masa ruwa, su ɗura masa a baki, su ciccibe shi a ɗora a babur. Niyyar mai kyau ce, amma ruwan na iya shiga huhu, kuma wuya na iya karyewa tare da buguwar kai. A riƙe kai da wuya kada su motsa, a nemi mota.

Ko an dawo gida lafiya, kada a bar shi ya kwana shi kaɗai a daren farko, kuma ya haƙura da keke har sai jiri da ciwon kai sun tafi. Dattawa masu hawa keke kuwa, a sa musu ido sosai. Nasu jinin kan taru cikin makonni, sai a ga Baba ya fara mantuwa ko tangaɗi a ce tsufa ne. A gaya wa likita cewa ya taɓa faɗuwa, ko da wata guda ya wuce.