Soyayya a fim ɗin masu laifi: wuraren da muke yawan tafka kuskure

Kwanakin baya wasu samari masu shirya fim mai dogon zango don YouTube suka kawo mini labarinsu in duba. Muka zauna a shagon wani tela kusa da Ƙofar Ƙaura a Katsina bayan la'asar. Labarin wani direba ne mai shigo da shinkafa 'yar waje ta hanyar Jibiya, bayan gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, sai ya faɗa son ƙanwar jami'in kwastan da ke farautarsa. Ƙashin labarin ba laifi. Amma da na karanta fitowa goma sha biyu, wato wuraren da labarin ya haɗa direban da yarinyar, ko gezau zuciyata ba ta yi ba. Kuma ba su kaɗai ba ne. A yawancin finafinanmu na ƙauraye da 'yan damfara da 'yan sumoga, harbi na tafiya daidai, tsere da mota na tafiya daidai, da an zo kan soyayya sai fim ya kwanta. Mai kallo ya ce jininsu bai haɗu ba, ya danna gaba.

Uzurin da suka fara kawo mini shi ne wanda kowa ke kawowa: "Malam, ai mu ba a bari a taɓa juna." Gaskiya ne, tarbiyyarmu ba ta yarda ba, kuma Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ba ta wasa da wannan. To amma ɗaukar wannan a matsayin cikas shi ne kuskuren farko. Amurka ma ta yi zamanin takunkumi. Daga 1934 har zuwa 1968 masu fim a can suna aiki ne a ƙarƙashin dokar da ake kira dokar Hays, wadda ta hana tsiraici da nuna sha'awa ƙarara, kuma a cikin waɗannan shekarun ne aka yi finafinan laifi da har yau ake misali da zafin soyayyarsu. Ɗauki Double Indemnity na 1944, labarin ma'aikacin inshora da matar aure da suka ƙulla kashe mijinta. Abin da ya kama mutumin munduwa ce a ƙafarta lokacin da take saukowa daga bene. Daga baya, da suka shiga laifi, sai su riƙa haɗuwa a kanti, suna tsaye gefe da gefe kamar baƙin juna, suna magana ƙasa-ƙasa kowa na kallon kayan gwangwani. Tsoron kada a gan su tare shi ne ya ɗauki nauyin fitowar. Mu da muka tashi da zance a zaure, da satar kallo, da ƙanin yarinya zaune a tsakani yana gadi, wa zai koya mana wannan? A gidanmu abin yake, mun bar shi muna hangen na wasu.

Kuskuren da ya fi kowanne girma, wanda na fi daɗewa a kansa da samarin nan, shi ne raba soyayya da laifi kamar hanya biyu da ba sa gamuwa. A rubutunsu direban zai yi dare yana kauce wa shingen bincike, da safe kuma sai ga shi a lambu cikin shadda yana gaya wa yarinya ita ce farin watansa. Na ce su gwada abu ɗaya: su cire duk fitowar soyayyar su ajiye gefe, su sake karanta sauran. Suka karanta, labarin bai rasa komai ba. To idan haka ne, soyayyar ado ce kawai aka liƙa.

Gyaran shi ne kowace haɗuwa ta ci wa ɗayansu wani abu. Yarinyar nan ta san daren da yayanta ke fita sintiri. Direban yana bukatar wannan labari fiye da yadda yake bukatar fetur. Ke nan duk sanda ya zo zance, mai kallo zai riƙa tambayar kansa: sonta ya kawo shi, ko bakinta yake son ji? Mafi daɗi ma, shi kansa direban ya kasa rabewa. Ita kuma duk kalmar da ta suɓuce mata na iya jefa yayanta cikin hatsari, duk shirun da ta yi na iya kai masoyinta gidan yari. Masu kallon finafinan Indiya na da za su tuna Don na 1978, inda matar da Zeenat Aman ta fito a matsayinta ta shiga ƙungiyar masu laifi ne don ɗaukar fansar ɗan'uwanta, tana neman ran mutumin da ba ta san ba shi ne ainihin mai laifin ba. Kusancinsu ya yi armashi ne saboda akwai wuƙa a tsakani.

Sai maganar baki. Muna saurin furta "ina sonki", wani lokaci tun a fitowa ta biyu, sannan a bi da dogon bayani kan yadda zuciya ke tafarfasa. Mutumin da ke rayuwa da ɓoye sirri ba haka yake magana ba, kuma Bakatsiniya mai aji ba haka take amsawa ba. Harshenmu cike yake da habaici da gugar zana, a yi maganar wani abu ana nufin wani. Ga abin da muka sauya haɗuwarsu ta farko zuwa gare shi, tana tsaye a ƙofar gida, shi yana cikin mota:

"Malam, motar nan taka kullum cikin ƙura. Wace hanya kake bi haka?"

"Hanyar da ba a tambaya, ranki ya daɗe."

"To ga shi yau ka biyo ta inda ake tambaya."

"Na sani. Shi ya sa na kashe mota."

Ba wanda ya ambaci so, ba wanda ya ambaci shinkafa, amma ta nuna ta gane sana'arsa, shi kuma ya nuna ya yarda ya tsaya duk da haka.

Waƙa kuwa, ba na cikin masu cewa a daina. Abin da nake ƙi shi ne a yanke fargaba da ita. An kai mai kallo har ya riƙe numfashi, kwastan na bin sawu, sai kwatsam a tsinci jarumai cikin kaya kala biyar suna rawa na minti shida. Idan an dawo, fargabar ta huce kamar kokon da aka manta. A sa waƙar kafin ruwa ya ɗaure, ko a bar ta tana tashi a rediyon mota yana tuƙi shi kaɗai cikin dare.

Matan da muke rubutawa iri biyu ne, kuma duka biyun ragwanci ne. Ko dai muguwa mai kwarkwasa da ke jan namiji zuwa halaka saboda kuɗi, ko kuma baiwar Allah da ba ta da aiki sai kuka da jira. Da na tambayi samarin me yarinyar take so a rayuwarta ban da direban, sai suka dubi juna. Ba ta da buri, ba ta da bashi, ba ta da wani abin da take ɓoyewa. Muka ba ta: gida ya dogara da albashin yayan, ita kuma ta gaji da zama a ƙarƙashin ikonsa, tana tara kuɗin komawa makaranta a ɓoye. Nan take ta zama mutum, har ta kai mai kallo na iya zargin ko ita ce ke amfani da direban.

A lokeshin, wato wurin ɗaukar fim, ma akwai namu laifin. Darakta zai zaunar da su a kan doguwar kujera a wani ƙaton falo na aro, ya kafa kyamara daga nesa, ya saki kiɗa tun daga farko har ƙarshe. Shauƙi a ƙananan abubuwa yake zaune, kuma sai kyamara ta matso take ganinsu: hannu mai lalle da ya ajiye kofin ruwa ya ɗan jinkirta kafin ya janye, mayafin da aka gyara ba don ya zame ba, hayaƙin turaren wuta da ke ratsa tsakaninsu, idon da ya kai ƙofa saboda an ji ƙarar babur. Edita ya daure ya bar shiru na daƙiƙa uku ko huɗu bayan magana mai nauyi, kada ya yanke. A kashe kiɗan, a bar kukan tsanya da kiran sallar isha'i daga nesa. Zaure mai fitila ɗaya a cikin tsohon gari, wajen Gobarau, ya fi falon nan sau goma, kuma ba a biyan kuɗin haya mai yawa.

Zaɓen jarumai a taƙaice: yawan mabiya a TikTok ba ya haɗa jini. A zaunar da su biyun su karanta fitowa ɗaya kafin a sa hannu a komai, a ɗauka da waya, a kalla ba tare da sauti ba. In ba a ga komai a fuskokinsu ba, a sauya ɗaya.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu Katsinawa musamman. Direban shinkafa daban, ɗan bindigar daji daban. Mutanen Batsari da Safana da Faskari da Ƙanƙara suna cikin masu kallonmu, wasunsu sun sayar da gona sun biya kuɗin fansa. Wanda ya ɗauko mai garkuwa da mutane ya yi masa ado da kalaman soyayya da kiɗa mai taushi har ya zama abin sha'awa, ya taka musu gyambo. In dole labarin ya bi ta nan, a nuna kusancin yadda yake, da tsoro da tilas da abin da yake jawo wa macen da gari ya fara kira infoma.

Samarin sun dawo bayan mako biyu da fitowa bakwai maimakon goma sha biyu. A ta ƙarshe yarinyar ce ke kawo wa yayanta abincin dare a bakin shinge, sai ga motar direban a layi. Ta miƙa kwanon, ta tsaya tana jan yayan da maganar kuɗin makaranta, ba ta dubi motar ko sau ɗaya ba har ta wuce. Sun ce za su ɗauka bayan sallah, in mai motar da suka yi wa magana bai canza ra'ayi ba.