Darasi na Bakwai: Ƙungiyoyin Tallafi ga Masu Ɗauke da Ƙwayar Cutar HIV a Birnin Kano

Binciken da aka gudanar a faɗin Najeriya a shekarar 2018 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar HIV. A birni irin Kano samun magani ba shi ne mai wuya ba, domin ana bayar da shi kyauta a asibitocin gwamnati, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala da Asibitin Zana. Abin da ke gagarar mutane da yawa shi ne ɗorewa a kan shan maganin kullum, shekara da shekaru, ga kuma fargabar kada maƙwabta su ji labari.

Ƙungiyar tallafi zama ne da masu ɗauke da cutar kan yi a tsakaninsu, yawanci sau ɗaya a wata, kuma da dama daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi suna ƙarƙashin uwar ƙungiya ta ƙasa mai suna NEPWHAN. A wurin zaman, wanda ya daɗe a kan magani shi ke jan sabon zuwa a jiki, ya nuna masa dabarar haɗa lokacin shan ƙwaya da abin da ba ya wuce shi, kamar sallar Isha'i, ya kuma tuna masa da gwajin jinin da ke auna yawan ƙwayar cutar. Wannan gwajin yana da muhimmanci ƙwarai, domin idan magani ya danne ƙwayar har na'ura ta kasa ganinta, mutum ba zai sanya wa matarsa ko mijinta ta hanyar kwanciya ba.

Idan ranar karɓar magani ta wuce ba a ga mutum ba, akwai mai bin sawu da zai kira shi a waya, kuma ƙa'ida ita ce kada ya je gidan kowa sai da izininsa. Sau da yawa ba taurin kai ke hana mutum zuwa ba, kuɗin A Daidaita Sahu ne babu, shi ya sa wasu ƙungiyoyin suke yin adashi.

Mai juna biyu kuwa akan haɗa ta da wata uwa da ta riga ta bi wannan hanya, wadda za ta raka ta awo, ta ƙarfafa mata gwiwar haihuwa a asibiti, ta tabbatar an yi wa jariri gwaji idan ya kai mako 6.

Tun 2014 akwai dokar tarayya da ta haramta tsangwamar masu cutar, saboda haka wanda aka kora daga aiki ko makaranta a kan wannan dalili ya kai kukansa ga shugabannin ƙungiya. Mai son shiga sai ya tambayi jami'in ba da shawara a ɗakin da yake karɓar magani.

Aikin aji: Rubuta jimloli uku a kan aikin mai bin sawu.